Ɓarawon Waya Mai Shigar Ma'aikacin Haraji: Yadda Za Ka Gane Shi, Da Inda Za Ka Kai Ƙara

An shirya wannan darasi domin fatake, da direbobi, da masu shaguna, da 'yan canji na ƙasar Jibiya, da duk wanda abincinsa ya ke bi ta bakin iyakar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba, domin ɓarawon da za mu yi magana a kansa ba ya haura katanga, ba ya fasa shago. Da bakinsa ya ke sata, kuma mai dukiya ne da kansa ya ke miƙa masa.

1. Yadda haraji ya ke tun da

Dattawa suna tune da zamanin En'e. A lokacin nan dagaci ne ke bin gida gida da mai unguwa, a karɓi haraji a idon jama'a, malami ya rubuta rasit ya ba mai gida. Daga nan kuɗi su tafi wurin hakimi, su shiga Baitulmali a Katsina. Haka kuma jangali. A shekarar 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke harajin nan da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina ta ke ciki kafin a ba ta jiharta a 1987.

Zamani ya sake, amma abu uku ba su sake ba. Na ɗaya, haraji yana zuwa da takarda mai nuna abin da ake bin ka. Na biyu, kuɗin suna shiga taskar hukuma. Na uku, wanda ya biya yana karɓar rasit. Mai karatu, riƙe waɗannan uku da kyau, gama duk sauran darasin a kansu ya ke tsaye.

2. Su wa ke da ikon karɓa a yau

Hukumar Kwastan ita ke karɓar kuɗin fito a kan kayan da aka shigo da su daga waje. Ana bayyana kaya, a ƙiyasta abin da za a biya, a biya a bankin da aka amince da shi, a karɓi rasit.

Hukumar Tara Haraji ta Nijeriya, watau NRS a taƙaice, ita ce ta gaji FIRS daga ranar 1 ga Janairu 2026, bisa ga sababbin dokokin haraji da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025. Ita ke karɓar harajin kamfanoni da harajin sayen kaya.

Hukumar tara kuɗaɗen shiga ta Jihar Katsina ita ke karɓar harajin abin da mutum ya samu a shekara. A sabuwar doka, Naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara ba a cire musu haraji.

Ƙaramar Hukuma kuwa ita ke da kuɗin kasuwa da na rumfa, kuma ma'aikacinta a fili ya ke zuwa da littafin rasit.

Tun shekarar 2015 aka tilasta kuɗaɗen Gwamnatin Tarayya su riƙa shiga asusun bai ɗaya a Babban Bankin Nijeriya. Saboda haka babu wata hukuma cikin waɗannan da za ta ce ka tura haraji cikin asusun wani mutum mai sunansa na kansa. Ofis yana iya buga maka waya ya tuna maka, ko ya ce ka zo. Amma biya yana da hanyarsa, kuma doka ta ba ka kwana 30 ka rubuta ƙorafi idan ba ka yarda da abin da aka yanka maka ba.

3. Abin da ya sa mutanen bakin iyaka su ke cikin hatsari

An rufe iyakar Jibiya a watan Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Afrilu 2022. Aka sāke rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. Ga kuma sababbin dokokin haraji da sabon sunan hukuma. Duk sa'ad da ƙa'ida ta sake, jita-jita sai ta yi yawa, mutane su rasa wace ce gaskiya. To, cikin wannan duhu ɓarawo ya ke farauta.

Bayan wannan, falke yakan kasance a Katsina ko Kano, kayansa kuwa suna hanya, direba kuma a inda waya ba ta shiga. Mutum a irin wannan hali abu kaɗan ke tsinka masa zuciya. Wanda kuma ya san takardunsa ba su cika ba, shi ne ya fi saurin faɗawa, gama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

4. Yadda ɓarawon ya ke aiki

Bari mu yi misali. A ce wani falke yana zaune a rumfarsa da hantsi, sai waya ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, Alhaji. Daga ofishin Kwastan na Magama ne. Motarka tana hannunmu, akwai cikon kuɗin fito da ba a biya ba."

"Ranka ya daɗe, ai na biya, rasit yana wurin direba."

"Alhaji, sabuwar doka ce. In ba a biya kafin azahar ba, kaya za su tafi Katsina, a yi gwanjonsu, kai kuma a kai ka kotu. Ni dai tausayinka na ji. Ga lambar asusu, tura yanzu. Kada ka gaya wa kowa, don kada maganar ta kai wurin manya."

Dubi abin da mutumin nan ya yi. Ya kira sunan Alhaji da irin motarsa don a yarda da shi, alhali kuwa lambar waya tana rubuce a jikin mota, ko a allon shago, ko a Facebook, ko a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Ya tsorata shi da gwanjo da kotu. Ya ƙayyade masa lokaci don kada ya sami sararin tunani. Sa'an nan ya hana shi shawara, domin ya san da Alhaji ya tambayi mutum ɗaya, ƙarya ta ƙare.

Wani kuwa ba da tsoro ya ke zuwa ba, da kwaɗayi ya ke zuwa. Sai ya ce Kwastan na gwanjon motoci ko shinkafa da araha, ka tura kuɗin fom. Ko ya ce an cire maka haraji fiye da kima, za a mayar maka, amma sai ka karanto masa lambar da banki ya aiko maka yanzu. Lambar nan ita ce mabuɗin asusunka. Kana faɗa, yana kwashewa.

Kada hoton mai kaki a WhatsApp ya ruɗe ka, gama kowa na iya ɗauko hoto a intanet. Haka sunan da ke fitowa a fuskar waya, mai lamba ne ya ke iya rubuta abin da ya ga dama. Masu ciniki a Maraɗi kuma su lura: lamba mai farawa da +227 ta Nijar ce, mai +234 ta Nijeriya ce, amma ko wace ce, lamba kaɗai ba ta zama shaidar cewa mai magana ɗan duwan ne ko ɗan Kwastan.

5. Alamomi shida

Lalle ɓarawo ne idan ya yi ɗaya daga cikin waɗannan:

(1) Ya ce ka tura kuɗi cikin asusu mai sunan mutum. Kafin kuɗi su tafi, waya ko na'urar mai POS tana nuna sunan mai asusun. Karanta sunan tukuna.
(2) Ya nemi lambar sirri ta katinka, ko lambobin da ke jikin katin, ko lambar da banki ya aiko ta saƙo.
(3) Ya nemi BVN ko NIN ɗinka a waya da sunan gyara maka takardu.
(4) Ya ce in ba ka biya cikin sa'a ɗaya ko biyu ba za a kama ka.
(5) Ya hana ka zuwa ofis, ko ya ce kada ka gaya wa kowa.
(6) Ya ce ka biya da katin waya, ko ya yi maka rangwame "tsakaninmu".

6. Abin da za ka yi

In aka kira ka, kada ka yi gardama, kada kuma ka yi zagi. Ce masa, "To, na ji, zan zo ofis." Sa'an nan ka kashe. Kada ka sāke kiran lambar nan, ko wata da ya ba ka. Nemi direbanka, ko wakilinka na fito mai lasisi, ko shugaban ƙungiyarku. Tashi da ƙafarka ka tafi ofishin da aka ambata, da rasit ɗinka a hannu. Ma'aikacin gaskiya ba ya ƙin a same shi a ofis.

In kuwa ka riga ka tura kuɗi, ko ka faɗi lambar sirri, to, gaggawa a nan ta halatta:

Na farko, sanar da bankinka nan take, a toshe katinka, a kuma nemi bankin da kuɗin su ka shiga ya riƙe su. Ɓarayi ba sa barin kuɗi su kwana wuri ɗaya, sukan rarraba su cikin asusu da yawa. Bankuna da yawa suna da lambar da a ke dannawa a waya a toshe asusu. Tambayi naka tun yau, ka rubuta ka ajiye.

Na biyu, kada ka goge kome. Ajiye lambar da ta kira, da ranar, da sa'ar, da saƙonni, da lambar asusun, da sunan da ya fito, da rasit na mai POS.

Na uku, kai ƙara ofishin 'yan sanda na Jibiya, ka karɓi shaidar cewa ka kai, domin banki yakan nema.

Na huɗu, sanar da Hukumar EFCC, ko da takarda, ko ta manhajarta mai suna Eagle Eye. Sanar da kamfanin wayarka kuma. In bai saurare ka ba, lambar ƙorafi ta Hukumar Sadarwa ita ce 622, kyauta ce.

Na biyar, in bankinka ya yi mako biyu bai warware ƙorafinka ba, kana da ikon kai magana sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, wannan gaskiya ce. Amma wanda ya yi sauri ya fi sa rai. Tun Disamba 2020 aka umarta a haɗa kowane layin waya da NIN, asusun banki kuma yana haɗe da BVN, saboda haka ɓarawo yana barin sawu, in an sami mai nuna wa hukuma.

7. Kunya ba ta da amfani a nan

Mutane da yawa sukan yi shiru don kada a ce babban ɗan kasuwa kamarsa yaro ya yaudare shi. Shirun nan shi ne jarin ɓarawo, gama gobe maƙwabcinka zai kira da maganar da ya gaya maka. Ku sani wannan cuta ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A watan Oktoba 2016 'yan sandan Indiya sun kai sumame wasu gidaje kusa da birnin Mumbai, inda ɗaruruwan matasa ke buga waya Amurka suna cewa su ma'aikatan haraji ne. Cikin waɗanda aka cuta har da masu ilmi mai zurfi. A 2018 kotunan Amurka su ka ɗaure wasu masu irin wannan zamba, ɗaurin da ya kai har shekara 20. 

A ƙasarmu ma doka tana da haƙora. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta yanka wa mai karɓar dukiya da yaudara ɗauri daga shekara 7 zuwa 20, ba zaɓin tara. Ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 da ta haramta shiga rigar wani don cuta. Samari su lura: wanda ya ba da aron asusunsa aka zuba kuɗin sata, sunansa ne hukuma za ta fara gani.

Tambayoyi don bita

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke tare da harajin gaskiya?
2. Me za ka duba kafin ka tura kuɗi?
3. Wa za ka fara sanarwa in an cuce ka?

Shugabannin kasuwa, da na tasha, da masu unguwanni, ana roƙonku ku karanta wa jama'arku wannan darasi ranar kasuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu, ya tsare dukiyarmu, amin.