Itatuwa Masu Ba Da Shaida A Kan Iskar Birni

Ya mai karatu, ka taɓa shafa ganyen dogon yaro na bakin babbar hanya da yatsa? In ka yi, ka ga baƙin da ya kan manne a yatsanka. Ba ƙurar hunturu kaɗai ba ce. A cikinta akwai garin ƙarfe mai laushi ƙwarai, wanda ido ba ya gani. Yau za mu koyi yadda masana su ke tambayar itatuwa labarin wannan ƙura.

1. Ƙarafa masu dafi

Akwai ƙarafa waɗanda kaɗan daga cikinsu ya isa ya yi wa jiki ɓarna. Darma ta kan taɓa ƙwaƙwalwar yara, har yaro ya kasa riƙe karatu. Kadmiyam kuwa ya kan lalata ƙoda da ƙasusuwa. Mun ga ƙarfin darma a Zamfara a shekarar 2010, sa'ad da ƙurar dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400.

A birni waɗannan ƙarafa su kan fito daga hayaƙin ma'aikatu, da wurin narka tsohon batir, da ƙona shara, da gogewar birki da tayar mota. Dā a kan zuba darma cikin fetur. An fara sayar da irin wannan fetur a Amurka a 1923, ba a kuwa rabu da shi a duniya duka ba sai 2021, da ƙasar Aljeriya ta daina. Amma darmar da ta riga ta zuba tana nan cikin ƙasar bakin hanya, iska tana tayar da ita.

2. Dalilin da ya sa a ke tambayar itace

Akwai na'urar auna iska, amma tana da tsada, birni ba ya iya kafa ta a kowace unguwa. Itace kuwa yana ko'ina. Ba ya tafiya, ba ya barci. Dare da rana ganyensa da ɓawonsa suna tare abin da iska ta kawo, suna ajiyewa.

Ga yadda a ke yi. A kan zaɓi itace iri ɗaya a unguwanni da yawa, a ɗebi ganye ko ɓawo daga tsawo ɗaya. A shanya, a niƙa, a narkar cikin ruwan asid, sa'an nan a auna ƙarfen da ke ciki. A kan gwada shi da na itacen daji mai nisa da hanya. Gama itace yana shan ƙarfe ta saiwa kuma, a kan auna ganye wankakke da wanda ba a wanke ba, domin a rarrabe na ƙasa da na iska. Masana a jami'o'in Nijeriya sun yi irin wannan awo da dogon yaro.

Gansakukar da ke tsirowa a jikin itace ta fi ganye iya shaida, domin ba ta da saiwa. Abincinta duka daga iska da ruwan sama ya ke.

3. Abin da ya faru a birnin Fotlan

Fotlan birni ne a jihar Oregon ta Amurka. An san akwai kadmiyam a iskarsa, amma ba a san mafitarsa ba. A watan Disamba na 2013 ma'aikatan gandun daji na gwamnati suka ɗebo gansakuka daga jikin itatuwa a wurare 346. Da suka auna, suka zana sakamakon a kan taswira, sai wurare biyu suka fito fili. A kowannensu akwai ma'aikatar yin gilashi mai launi.

A 2015 aka kafa na'ura kusa da ɗaya daga cikinsu. Aka tarar kadmiyam ɗin iskar ya riɓa ma'aunin da jihar ta sa har sau 49. Labari ya bazu a farkon 2016, ma'aikatar ta dakatar da aiki da kadmiyam, daga baya aka sa mata matatar hayaƙi. Lura fa: gansakuka ba ta faɗi yawan abin da mutum ya shaƙa ba. Ta dai nuna inda ya kamata a kai na'ura, wannan kuwa shi ne babban amfaninta.

4. Abin da ya shafe mu

Itacen da ya tare dafi yana riƙe da shi. Saboda haka kada ka tsinki zogale ko kuka na miya a bakin hanyar da motoci su ke yawan bi, ko kusa da wurin narka batir. Kada ka sassaƙi ɓawon magani a irin waɗannan wurare. Kowane ganye kuwa a wanke shi sosai kafin ya shiga tukunya. In ana so a sare itatuwan da ke tsakanin hanya da makaranta, ka tuna ƙurar da ke kan ganyensu: in ba su, da huhun yara ne ya tare ta.

Tambayoyi

1. Wace ɓarna darma ta kan yi wa yara?
2. Don me gansakuka ta fi ganye iya shaida?
3. Daga ina a ke tsinko ganyen miyar gidanku?