Tafiya da Alƙalamin Tawada Ba Tare da Ɓata Aljihu Ba

Mai rubutu da alƙalamin da ake ɗura wa tawada, ba biro ba, yakan yi fargabar abu guda in tafiya ta kama shi: kada ya sauka daga jirgi ya tarar aljihun farar shaddarsa ya rine. Fargabar tana da dalili, sai dai laifin ake ɗorawa inda ba nan yake ba. Wasu su ce alƙalamin jabu ne, wasu su ce tawadar ce ta cika ruwa. A mafi yawan lokuta, iskar da ke maƙale a cikin alƙalamin ce take wannan aika-aika.

Jirgin fasinja idan ya lula sama, matsin iskar da ke inda kuke zaune raguwa yake yi, ya koma kamar na kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Iskar da ka rufe a cikin alƙalami tun kana ƙasa sai ta kumbura, ta nemi mafita. Ƙofa ɗaya gare ta, wato bakin alƙalamin, kuma duk tawadar da ta tare mata hanya tunkuɗo ta za ta yi cikin murfi. Wanda ya taɓa shan ruwan gora a sama ya rufe, sannan ya ga yadda gorar ta lotse bayan an sauka, ya riga ya ga wannan aiki da idonsa.

In ka gane wannan, maganin ya zo da sauƙi. Ko dai ka cika alƙalamin taf kafin ka tashi, yadda iskar da ta rage ba ta kai ta yi ɓarna ba, ko ka juye shi ƙaf ka tafi da shi a bushe. Mai rabin tawada shi ne ɗan rigima. Sannan ka tsayar da shi bakinsa yana kallon sama, musamman lokacin da jirgi ke hawa, don iskar ta samu ta fice ba ta taɓa tawada ba. Aljihun gaba ya fi jaka a nan, domin jaka kwantar da ita ake yi a ƙarƙashin kujera. In za ka yi rubutu a sama, jira jirgin ya daidaita, ka buɗe murfin a hankali bakin yana sama, da tishu a ɗaya hannun.

Matafiyin mota kada ya ce shi ya tsira. Zafi ma kumbura iska yake yi. Alƙalamin da aka bari a gaban mota da tsakar rana a watan Afrilu zai yi aman tawada ko da ba a bar tasha ba, kuma gargadar hanya takan girgizo ɗigo-ɗigo cikin murfi.

Wanne za ka ɗauka? Ni a ganina, wanda in ya ɓata a masauki ba za ka kwana kana juyi ba. Mai bakin zinariyar da ka gada ko ka yi wa tanadi, bar shi a gida. Lamy Safari, ɗan Jamus da ya fito a 1980, jikinsa roba ce mai jure faɗuwa. Kaweco Sport gajere ne in an rufe, murfinsa na murɗawa ne, ba ya buɗewa da kansa a jaka. Platinum Preppy na Japan ba shi da tsada, kuma murfinsa yana toshe baki sosai, abin da ke da amfani ga mai zuwa busasshiyar ƙasa irin Saudiyya, ko mai yawo da hunturu, lokacin da tawada kan ƙafe a baki da wuri. Mai hali da ke yawan hawa jirgi ya duba Pilot Custom 823 ko TWSBI Vac700R. Su biyun suna da makulli a gindi, in ka murɗa shi ka datse tsakanin rumbun tawada da baki. Ka nemi siririn baki, mai alamar F ko EF, saboda takardun cikewa na kan iyaka da na otal ba su da kyau, tawada bazuwa take yi a kansu in bakin ya yi faɗi. Na Japan sun fi na Turai siranta ko da alamar ɗaya ce.

Kwalbar tawada kuwa, in tafiyar ba mai tsawo ba ce, ba na ba da shawarar ɗaukar ta. Kwanson tawada, ɗan robar nan da ake cusawa a alƙalami a yar in ya ƙare, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma a kula, ba kowane kwanso ke shiga kowane alƙalami ba. Lamy, Parker, Pilot, Platinum da Sailor kowa nasa daban, Kaweco kuwa yana karɓar gama-garin da kamfanoni da yawa ke yi. Sayi isassu tun daga gida, kada ka dogara da samun su a garin da ba ka sani ba. In kwalbar ta zama dole, dokar da aka fara a 2006 tana nan a yawancin filayen jirgi: abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Kwalabe irin na Waterman mai mililita 50 ko Parker Quink mai 57 sun shige. Ɗaure murfin tamau, naɗe da tishu, saka a leda mai zif, ka raba ta da tufafi da fasfo.

Zaɓin tawadar kanta ciniki ne, kowanne ɓangare da asararsa. Shuɗiya mai wankuwa irin Pelikan 4001 Royal Blue, in ta zuba a riga ruwa da sabulu kan fitar da ita, amma haka za ta wanke daga littafinka in ruwan sama ya taɓa shi ko gumin hannu ya jiƙa shafin. Platinum Carbon Black kuwa in ta bushe ruwa ba ya motsa ta a takarda, a shadda ma haka. Ga shi tana son a riƙa wanke alƙalami a kai a kai, abin da matafiyi bai cika samun sukuninsa ba. Mai rubuta adireshi da lissafin kuɗi da bayanan da ba ya son rasawa ya ɗauki mai zama. Wanda rubutunsa na yau da gobe ne, mai wankuwar ta ishe shi. Kuma kada ranar tafiya ta zama ranar gwada sabuwar tawada.

Abin da ba za a yi ba ko kusa shi ne ɗura tawadar allo don ta kwalba ta ƙare. Da ƙaro ake haɗa ta, kuma ƙaron da ke sa ta kama allo shi zai daskare a siririyar hanyar da tawada ke bi, ya toshe ta. Tawadar zane da ake kira ta Indiya ma haka take. Ka tafi da biro ɗaya a gefe, don takarda mai kabon da ke son dannawa, da kuma maƙwabcin kujera da zai ce ka ara masa abin rubutu ya cike fom. Da ka dawo gida, kwance alƙalamin ka zuƙa ruwa mai sanyi ka fesar har ya fito fari, ka bar shi ya kwana bakinsa a kan tishu kafin ka sake ɗurawa.