Kamun Karfasa A Lokacin Bazara

Ni mutumin Magarya ne, ta ƙasar Wurno. Ko da yake garinmu ba shi da nisa da fadamar Gulbin Rima, ban taɓa riƙe fatsa da niyyar neman abinci ba sai a hutun watan Afrilu da ya wuce, sa'ad da mahaifina ya aike ni wurin kawuna, wanda yake su a tafkin madatsar ruwa ta Goronyo. Na tafi da burin in kama kifin da zan sayar in sayi takalma da littattafan rubutu. Abin da na koyo a can shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An gama gina wannan madatsa a kan Gulbin Rima a shekarar 1984, kuma in ta cika tana ɗaukar ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon ruwa. Amma da bazara ruwan yakan ja da baya ƙwarai, saboda ana sakinsa don noman rani da shan mutanen Sakkwato, rana kuma tana shan nata rabo. A shekarar 2018 sai da ya ragu ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. In ruwa ya ja, kifi yakan taru wuri ɗaya. Jin haka ya sa na zaci kamunsa ba wuya. Ashe ba haka abin yake ba.

Kifin da yaro kamata zai iya kamawa daga gaɓa shi ne karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Faɗinta kamar tafin hannu, ga daɗin suya. Ran farko na fito da hantsi ya dubi ludayi, na zauna a fili har azahar, ban kama ko ɗaya ba, sai ciwon kai. Kawu bai ce mini kome ba sai da dare, bayan mun ci tuwo. Ga darussan da ya ba ni, na haɗa su da abin da malaminmu na kimiyya ya koya mana.

Na farko shi ne lokaci. A ƙasarmu zafin watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Kifi da iskar oksijin da ta narke cikin ruwa yake numfashi, ruwa kuwa in ya yi zafi ba ya riƙe ta da yawa. Lita guda mai zafin digiri 20 tana iya riƙe kamar miligiram 9, amma a digiri 30 sai ta koma wajen 7 da rabi. Bugu da ƙari, ciyayin ruwa da gansakuka da rana suke ba da wannan iska, da dare kuwa su ma shaƙarta suke yi. Saboda haka da asuba ta fi ƙaranci, musamman a lungun da ruwa ba ya motsi. Kawu bai san kalmar oksijin ba, amma ya ce in na ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki da sassafe, kada in ɓata tanata, gama numfashi suke nema, ba abinci ba. Lokacin cinsu shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sa'an nan daga la'asar zuwa kusan magariba. Mu dai da la'asar sakaliya muke naɗe kaya, don halin da ake ciki na rashin tsaro bai bar kowa ya yi dare a daji ba.

Na biyu shi ne wuri. Yadda mutum yake neman inuwa da tsakar rana, haka kifi. Ruwan gaɓa marar zurfi shi yake fara ɗaukar zafi, sai karfasa su koma ƙarƙashin ganyen bado, ko gindin burugu, ko jikin kututturen itacen da ruwa ya ci, ko kuwa inda ƙasa ta gangara ruwan ya yi zurfi. Can za ka jefa. Ka zauna yadda inuwarka ba za ta faɗa kan ruwa ba, ka kuma daina buga ƙafa. Ba a banza aka ce kifi na ganinka mai jar koma ba.

Na uku shi ne kayan aiki. Bakin karfasa ƙarami ne, don haka ƙaramar ƙugiya ake sa mata, da siririn zare, da sandar gora marar nauyi. Sai ka ɗaura guntun karan dawa a zaren, ya riƙa yawo bisa ruwa. Da safe ka bar kamar kamu ɗaya tsakanin karan da ƙugiya, in rana ta ɗaga ka ƙara tsawon. Abincin da ake sa wa ƙugiya shi ne tana, ko gara, ko ƙullun dusa. Tana tana wuyar samu da bazara, sai a gindin randa ko bakin lambu. Kawu yakan watsa ɗan dusa a wurin tun kafin ya jefa. In karan ya fara rawa, kada ka fizga. Bari sai ya nutse, ko ya kama tafiya gefe, kana ka ɗaga a hankali.

Na huɗu shi ne adana abin da ka kama, da kuma kanka. A wannan zafi sa'o'i kaɗan sun isa kifi ya lalace. Ka zuba su a kwando ka nutsa shi cikin ruwa a inuwa. In ka isa gida a fede su nan da nan, a sa gishiri, a soya ko a yi banda. Ka sa malafa, ka tafi da ruwan sha daga gida. Kada ka riƙa shiga ruwa ba dalili, domin ƙananan katantanwar da ke cikin ciyayi su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani.

Da na bi waɗannan sai na fara samun takwas, goma, wata rana sha biyu. Amma kuɗin takalma bai cika ba, ga hutu yana ƙarewa. A nan ne na yi abin da ya ba ni darasi na biyar.

Na lura da wani lungu marar zurfi inda ƙasan ruwan take da ramuka kamar an kife ƙwarya an ɗauke. Manyan karfasa suna kai da kawowa a wurin. Wata rana da Kawu ya tafi duba tarkunansa, na ɗauki birginsa ba da izini ba, na jefa a kansu. Na jawo guda bakwai. Ina ɗaga babbar sai ta buɗe baki, waɗansu abubuwa rawaya kamar ƙwayar gero suka zubo mini cike da hannu. Ina tsaye ina kallo Kawu ya iso.

Ya ce, "Kai yaro, mi ka yi haka?"

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, kuɗina ne ba su cika ba."

Ya ce, "Maishe ta ruwa. Waɗanda ag ga hannunka kam sun riga sun tafi. Kifin baɗi ne ka zubar."

Daga nan ya bayyana mini. Namijin karfasa shi yake haƙa ramin, macen ta zuba ƙwai a ciki, sa'an nan ta kwashe su a bakinta. Haka za ta riƙe su mako guda zuwa biyu har su ƙyanƙyashe, kusan ba ta cin kome. Shi ya sa da wuya fatsa ta kama uwa mai goyo, amma birgi ba ya tambaya. Ƙwan da ke bakin uwa guda sun kai ɗaruruwa, kuma ruwa mai ɗumi shi suka fi so don haihuwa. Watau lokacin da suka taru suka fi sauƙin kamu, shi ne lokacin da ya fi kamata a tausaya musu. Muka mai da uku masu kumburarren maƙogwaro. Ran nan ban iya cin tuwo sosai ba.

Kawu ya ce abin da na yi ƙarami ne in an gwada da na masu jan gidan sauro a ruwa, suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai farce ba, ko masu zuba maganin ƙwari. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba, kuma tun kafin ta sarakunan ruwa suna da nasu tsari. A Argungu, can ƙasa da mu a kan wannan gulbi, hana su ake yi a Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake samun manyan kifaye.

Na komo makaranta da littattafan rubutu shida, takalma kuwa tsofaffin na kai aka ɗinke. Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, in kun je tafki da bazara ku tafi da fatsa, ku bar lungun ramuka. Iyayenmu kuma, don Allah a bar gidan sauro a kan gado, inda aka yi shi domin ya zauna. Allah ya kai mu damina lafiya, amin.