Yadda Ake Doguwar Tafiya da Tsohuwar Fijo, Daga Fagge Zuwa Damagaram

A Amurka akwai masu ajiye motocin shekarun 1960 masu inji silinda takwas, irin su Ford Mustang da Pontiac GTO, su fito da su musamman don cin doguwar hanya suna jin rurin inji. Mu a Kano tsohuwar da ta cancanci wannan gata ita ce Fijo 504. Silinda huɗu gare ta, ba ta da wancan ruri, amma ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki, aka kuma ci gaba da haɗa ta a can har cikin shekarun 2000. Duk wanda ya girma a Arewa ya taɓa zama a bayanta. Idan kana da ita, ko ta gado ko ta saye, ga yadda za ka kai ta Damagaram ka dawo cikin daɗin rai.

Tafiyar tana farawa ne a gareji, mako guda kafin ranar tashi. Ka nemi dattijon bakanike a Fagge, wanda ya koyi aiki a kan Fijo tun yana yaron gareji. Matasan yanzu gwanaye ne a kan motocin da ake jona wa kwamfuta, amma wannan da kunne ake gane ciwonta. Zai ce maka, "Alhaji, tada ta mu ji," ya tsaya ya karkata kai. Kada ka yi masa gaggawa.

Abin da za a fara dubawa shi ne ruwa, domin zafi ne ajalin wannan inji. A cire lagireto a wanke shi ciki da waje, a matsa kowace tiyo da hannu. Wadda ta yi laushi ko ta tsattsage a sauya ta. A zaro sandar gwada baƙin mai a duba. Idan man ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga cikinsa, gaskit ya ƙone ke nan, kuma babu maganar tafiya sai an buɗe kan inji. Daga nan sai fulogi. Ka sa a kwance su huɗun a jera maka a kan tsumma. Bakin da ya yi ruwan ƙasa lafiya lau yake. Wanda ya yi baƙin toka yana gaya maka kafireta na zuba mai fiye da kima, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wanda ya jiƙe da mai kuwa, ringi ne ya gaji. A wanke kafireta, a saita kwantak, a duba birki da man giya.

Taya tana da shekaru a rubuce a jikinta, mutane da yawa ba sa dubawa. Akwai lambobi huɗu a gefe: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa, ko da zanenta bai cinye ba, kwalta mai zafi na iya fasa ta.

Sai sayen kaya. Ka tafi Sabon Gari da bakanikenka, kuma ka riƙe tsohon ƙarfen da aka cire a hannunka don a gwada, saboda Fijo 504 iri-iri ce, ta wata shekara ba lallai ta yi daidai da ta wata ba. Mai shago zai tambaye ka, "Oga, sabo ko Beljiyom?" A ganina, duk abin roba, wato fambel da tiyo da robar birki, a saya sabo. Abin ƙarfe kuwa, na asali da aka ciro daga wata motar sau da yawa ya fi sabon jabu ƙarko. Abin da ka rasa a Sabon Gari ka leƙa Ƙofar Ruwa. Ka sayi fambel biyu, kwantak da kwandansa, fulogi, fiyus, galan na baƙin mai. Ka haɗa da jarkar ruwa babba, jak, safaya mai iska, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, waɗanda jami'an kiyaye haɗura za su tambaya.

Takardun mota da lasisi da inshora su cika. Tunda ƙetare iyaka za a yi, ka tambayi direbobin tasha halin da iyakar Kwangwalam ke ciki da takardun da ake nema a wannan makon, don al'amarin iyakar Nijar ya sha canzawa tun 2023.

Ranar tafiya ka tashi bayan sallar asuba. Ka bar injin ya ɗumama minti kaɗan kafin ka sa giya. Ka hau titin Katsina tun ’yan adaidaita sahu ba su cika shi ba, a wajejen Dawanau ka ɗauki hanyar Dambatta. Fagge da ka baro zango ne na fataken Arewa tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma Damagaram ɗin da ka nufa nan ne ayarin raƙuma ke yada zango a hanyar Agadas.

A kan hanya daɗin yake. Fijo tana da doguwar sifirin, tana haɗiye gargada ba tare da ta jijjiga ka ba, kujerarta kuma mai laushi ce. Ka riƙe ta a kilomita 80 zuwa 90, ka sauke gilashi, ka kashe rediyo na ɗan lokaci ka saurare ta. Inji mai lafiya sautinsa ɗaya ne. Da ya canza za ka ji. Idonka ya riƙa komawa kan allurar zafi. Ka tuna birkinta na zamanin da ne, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, musamman ranar kasuwar ƙauyukan bakin hanya, inda babura da amalanke da dabbobi ke tsallakawa ba sallama.

A Kazaure, inda duwatsu suka fara bayyana, ka tsaya karin kumallo. Ka buɗe bonet, ka leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga, ka taɓa kowace taya. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto yana da zafi. A Daura ka cika tanki, ka je ka ga rijiyar Kusugu. Idan rana ta take motar ta fara shaƙewa kamar mai ya ƙare alhali akwai shi, fetur ne ya yi tururi a famfon mai. Ka shiga inuwa, ka jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfon, ka ba ta minti goma sha biyar.

Bayan iyaka sai Matamai, sai Kance, ƙasa na ƙara buɗewa, itatuwan gawo na tsaye cikin gonakin gero. Ka yi ƙoƙari ka shiga Damagaram kafin magariba, don fitilun tsohuwar mota ba su da ƙarfin na yanzu. Da safe, kafin ka tafi kallon fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni, ka duba ruwa da baƙin mai inji na sanyi, ka rubuta yawan abin da ta sha, don da shi za ka lissafa guzurin dawowa.