Abin da Doka Ta Yarda, da Abin da Ke Daidai

Karatu: Fitowa 1:15-21, Luka 10:30-37.

Ya 'yan'uwa cikin Ubangiji, da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna koyon aikin asibiti, waɗansu jinya, waɗansu aikin ungozoma, waɗansu kuwa likita. Malamansu suna koya musu dokokin aikin, wannan kuwa ya yi kyau. Amma akwai tambayoyi biyu waɗanda ya kamata kowane almajiri ya iya rarrabewa. Ta fari: Me doka ta ce? Ta biyu: Mene ne daidai? Alƙali ne ke amsa ta fari a kotu. Ta biyu kuwa lamirin mutum ne ke amsa ta a gaban Allah.

Ga wani labari na gaskiya. A shekara ta 1951 wata mace baƙar fata, sunanta Henrietta Lacks, uwar 'ya'ya biyar, ta je asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore na Amurka, tana fama da ciwon daji a bakin mahaifa. Likitoci suka yanki ɗan nama daga wurin ciwon, suka ba masu bincike, ba su tambaye ta ba. Ta rasu cikin watan Oktoba na shekaran nan, tana da shekara 31. Amma ƙwayoyin naman ba su mutu ba. Suka yi ta yaɗuwa cikin kwalba, aka rarraba su ƙasa ƙasa, har aka yi aiki da su wajen gwada allurar rigakafin shan inna. Iyalinta ba su sani ba sai bayan shekara ashirin da wani abu.

To, likitocin nan sun karya doka? A'a, gama a lokacin babu dokar da ta tilasta musu neman izini. Sun yi daidai? Wannan wata magana ce dabam. Mutane da yawa sun amfana, gaskiya ne. Amma jikin na macen ne, Allah kuwa ya halicce ta cikin kamanninsa. Ashe, ba ta isa a tambaye ta ba? Sai a shekara ta 2013 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta yi yarjejeniya da zuriyarta, aka ba su baki cikin al'amarin.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana bambancin nan ta fuska biyu. Fir'auna ya umarci ungozomomin nan, Shifra da Fu'a, su kashe jarirai maza na Ibraniyawa. Umarnin sarki doka ne, amma mugunta ce. Suka ji tsoron Allah, suka ƙi. Firist da Balawe kuwa, da suka ratse suka bar mutum kwance a hanyar Yariko, babu alƙalin da ya kama su. Duk da haka Basamariye ne Yesu ya ce mu yi koyi da shi.

Kada wani ya ce muna raina doka. Manzo Bulus ya gargaɗe mu cikin Romawa 13 mu yi biyayya ga mahukunta. Doka kamar shinge ce: tana hana awaki shiga gona, amma ba ta yin noma.

Saboda haka, malami, in ka kawo wa almajiranka wani al'amari na majiyyaci, bari su fara faɗin abin da doka ta ce. Sa'an nan ka tambaye su: An gaya wa majiyyacin gaskiya? Ya yarda da ransa? Wa zai amfana, wa zai cutu? In da uwarka ce, ka so a yi mata haka? Kada ka bar su su amsa tambaya ta biyu da amsar ta fari.

Tambayoyi:
1. Mene ne bambancin laifi a gaban alƙali da zunubi a gaban Allah?
2. Don me ungozomomin suka ƙi umarnin Fir'auna?
3. Me ya kamata likitocin Henrietta su yi kafin su yanki naman?

Mu yi addu'a domin 'ya'yanmu masu koyon aikin asibiti, Ubangiji ya ba su lamiri mai tsabta.