Jinyar Mai Sikila a Gida: Me Za a Yi, Yaushe Za a Garzaya Asibiti?

Da hunturu ya kama, sai ka ga ɗakunan kwantar da yara a asibitocinmu sun cika da masu amosanin jini, wato sikila. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro da gajiya su ne kan gaba wajen tayar da ciwon, kuma yawancinsu daga gida ake tare su. Shi ya sa uwa ce ma'aikaciyar jinya ta farko.

Ƙwayar jinin mai lafiya tana da laushi, tana kuma kai kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, sannan ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Toshewar ce ke kawo ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai. Saurin mutuwar ƙwayoyin kuma shi ke kawo ƙarancin jini da rawayar ido.

A nan iyaye da yawa ke tafka kuskure. Da sun ga yaro ya yi fari fat, sai a aika kemis a sayo maganin ƙarin jini. Galibin waɗannan magunguna sinadarin ƙarfe ne a cikinsu, alhali matsalar mai sikila ba rashinsa ba ce. Wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ma, ƙarfen taruwa yake a jikinsa har ya taɓa hanta da zuciya. Kada a ba shi sai likita ya auna ya ga buƙata.

Abin da yake buƙata kullum shi ne folik asid, maganin rigakafin maleriya da likita ya rubuta, gidan sauro, da cikakkun allurran rigakafi. Ƙananan yara ana ɗora su kan fenisilin har zuwa shekara 5. Idan ciwon na yawan tashi, a tambayi likita batun haidiroksiyuriya, maganin da ke rage tashinsa. A aje wa yaron gorar ruwa kusa, ya tafi da ita makaranta. Da asuba a yi masa wanka da ruwan ɗumi, a sa masa rigar sanyi da safa.

Idan ciwon ya fara, a kwantar da shi, a yawaita ba shi ruwa, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ban da ƙanƙara, ban da tsaga ko ƙaho. A kuma guji zuwa kemis yin allurar kashe zafi ta fenta, domin ta jefa matasa da dama cikin jarabar da ta fi ƙarfinsu.

Amma akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye: zazzaɓin da ya kai digiri 38.5, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, karkacewar baki, shanyewar hannu ko ƙafa a gefe guda, ko miƙewar gaba mai zafi da ta kai awa 2. Haka nan idan tafin hannu da cikin ido suka yi fari farat ɗaya, cikin yaro ya kumbura ta hagu, to saifa ce ta tara jini, kuma tana iya kisa cikin 'yan sa'o'i. Uwa, ki roƙi nas ta koya miki yadda ake laluben saifa a ƙarƙashin haƙarƙari.

Sikila gado ce daga uwa da uba, ba sammu ba, ba kuma laifin uwa kaɗai ba. Idan AS, wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai sikila. Don haka iyaye, ku tura 'ya'yanku gwajin jini a asibitin da aka amince da shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.