Mene ne Zaman Ɗan Ekklesiyar Lutheran?

A karanta: Romawa 3:21-28.

Aiki yakan kai 'yan'uwanmu na ƙasar Adamawa nesa da gida, har Tambuwal da Kebbe a kudancin jihar Sakkwato. A can masu bi kaɗan ne. Sa'anda maƙwabci ya tambayi ɗayanmu, "Wace ɗarika kake bi?" sau da yawa amsar ba ta wuce suna ba. Wanda ya riƙe suna kaɗai, in ya yi nisa da ekklesiyarsa, nan da nan yakan yi sanyi. Domin wannan bari mu bincika abin da ke cikin sunan.

Martin Luther Bajamushe ne, an haife shi a 1483. Ya shiga gidan masu zuhudu, ya yi ta azumi da addu'a, amma zuciyarsa ba ta sami salama ba, gama yana tsoron shari'ar Allah. Cikin karatun wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya gane Allah yana karɓar mai zunubi kyauta saboda Kristi. A zamanin nan ana sayar da takardu waɗanda aka ce suna rage horon zunubi. Ran 31 ga Oktoba 1517 ya fito da batutuwa 95 a garin Wittenberg, yana ƙin wannan ciniki. A 1521 aka tsai da shi a gaban babban sarki a Worms, ya ƙi janye koyarwarsa. Magabtansa ne suka fara kiran masu binsa da sunansa. Shi kuwa ya roƙi mutane su kira kansu Krista, gama ba shi aka gicciye dominsu ba.

Wannan koyarwa ta iso Numan, a bakin Binuwai, a 1913, ta hannun likita Niels Brønnum, mutumin Danmak, na Sudan United Mission. Matarsa ta rasu a ƙasarmu tun bai isa Numan ba, duk da haka bai koma ba. A 1948 aka naɗa pastoci biyar na fari 'yan ƙasa. A 1973 Akila Todi ya zama bishop na fari. A 2017 aka zaɓi Musa Panti Filibus shugaban tarayyar ekklesiyoyin Lutheran ta duniya, ya riƙe aikin har 2023.

To, me ɗan wannan ekklesiya yake riƙe da shi?

Na fari, alheri. Ceto kyauta ne, ana karɓarsa ta wurin bangaskiya. Baiko da azumi da zuwa sujada ba su sayensa. Muna yin ayyuka nagari domin an riga an karɓe mu, kamar yadda mangwaro yakan ba da 'ya'ya domin saiwarsa tana shan ruwa.

Na biyu, Maganar Allah. Luther ya juya Sabon Alkawari cikin harshen mutanensa a 1522, domin talaka ya karanta da kansa. Mu ma mun sami Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932. Da shi muke gwada kowace koyarwa, ko ta pasto ce ko ta bishop.

Na uku, baftisma da Jibin Ubangiji. Muna yi wa jarirai baftisma, gama alkawarin na Allah ne, shi ne ya fara nemanmu. Cikin Jibi kuma mun gaskata Kristi yana ba mu jikinsa da jininsa tare da gurasa da ƙoƙo.

Na huɗu, aikin yau da kullum. Luther ya koyar cewa manomi da uwargida suna bauta wa Allah cikin aikinsu daidai da pasto. Malamin asibiti a Tambuwal wanda ya duba mara lafiya da aminci, bai tambayi addininsa ba, ya yi wa'azi ke nan.

Ya ɗan'uwa, kadan babu majami'ar Lutheran kusa da kai, kada ka zauna a gida ran Lahadi. Ka yi sujada tare da masu bi da ka tarar, gama Ubangijinmu ɗaya ne. Ka tuna kuma Luther ya rubuta Ƙaramar Katekisma a 1529 domin maigida ya koya wa iyalinsa Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiya, da Addu'ar Ubangiji. In ba ka koya wa 'ya'yanka ba, wa zai koya musu a can? Ka girmama maƙwabtanka Musulmi, ka amsa tambayarsu da tawali'u, ba da gardama ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka karɓa. Amin.

Tambayoyi:
1. Don me ayyukanmu ba su iya sayen ceto?
2. Yaushe kake koya wa iyalinka katekisma?